Matar da ta shiga keken doki

An kama mahaifiyata a kasuwar Hindawiyya bayan aikin Hajji, ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Aka saka ta jirgin ruwa, aka fitar da ita daga ƙasar. Ina da shekara tara. Aka bar ni wajen ƙanwar babana, Gwaggo Hauwa, mai sayar da gyaɗa a bakin masallaci. Ba ta duka, ba ta kuma hira. Da safe in ɗebo ruwa a garwa, in ɓare gyaɗa har yatsuna su yi ja. Yaran lungu suna buga ƙwallon tsumma, ni ina zaune a dakali.

Bayan gidanmu akwai hoshi, wani fili mai katanga inda wani Bayamane yake rataya farin ƙyalle yana nuna fim bayan magariba. Daga saman soronmu ana hango ƙyallen. Wani mako ya kawo fim ɗin Turawa, baƙi da fari, labarin wasu makaɗa na zamanin da. Maza suka yi ta tsaki, sun fi son na Masar. Ni ban iya karanta fassarar da ke ƙasan ƙyallen ba. Matar kawai nake kallo. Tana kaɗa fiyano, mijinta yana rubuta kiɗa, gidan cike da yara. In ta sunkuyar da kai, wuyanta irin na mahaifiyata ne sak. A ƙarshe ta rungumi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta shiga keken doki. Ƙaramin ya bi ta da gudu. Ƙyallen ya yi fari.

Kwana shida ina hawa soro, kullum a nan yake ƙarewa. Ran na bakwai na tare Bayamanen yana naɗe waya. Na ce, "Ya ammi, ta dawo?" Ya ce, "Wa?" Na ce, "Uwar yaran." Ya ce, "Halas, fim ya ƙare. Yalla, gida." Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce, "Ci tuwonka, Isa." Daga ranar na daina zuwa bakin tashar jiragen ruwa ina leƙen jirage.

Na kai shekara arba'in, ina gadin wani gida, na ga fim ɗin a talabijin. Ashe zaren fim ɗin naɗi huɗu ne, Bayamanen ya sa na biyu a ƙarshe, babu wanda ya lura. Tafiyar a tsakiya take. Wasa ta je yi a wani gari, ta dawo da tsaraba, ƙaramin ya ɗare jikinta. Na kashe akwatin.

An rushe hoshin, shaguna ne a wurin. Yaran yanzu suna mayar da fim baya da yatsa, su ga abin da suka rasa. Tawa ba ta dawo ba, ban kuma san inda kabarinta yake ba. Ina unguwar Madain Fahd, ɗaki ɗaya, har yanzu ina gadi.