Sunan Murjanatu a Jikin Kwali

Abdulganiyyu ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka bawana ne tun yana zanin goyo, ko ya so ko ya ƙi. Sunana Sabo. A aji uku na bar sakandare, shi ya ƙarasa, amma ga mu nan a siton kargo ɗaya a Al Warsan, can ƙasar Larabawa: ni ina ɗaure kwalaye, shi yana rubuta sunan mai kaya da garin da za a kai. To ina amfanin karatun?

Sai dai rubutun bawan nan, wallahi ko makaho ya shafa sai ya karanta. Kwalin da ya rubuta wa suna, ko jirgi ya kife sai ya yi iyo ya kai kansa Kantin Kwari. Da rubutun ya samu mata, don dai ba da fuska ba ne. Murjanatu mai zanen lalle ce. Ta zo aika kaya, ta ga yadda ya ja wa harafin ƙarshe na sunanta wutsiya, ta tsaya tana kallo. Shi ke nan.

Ita ta kafa ƙungiya a falonsu na unguwar International City. Duk Juma'a bayan la'asar masu lalle da masu ɗinkin hula da masu surfani su taru, a koya wa mai so kyauta. Da ta rasu, shekara uku ke nan, aka sa wa ƙungiyar Zauren Murjanatu. Shi ya rubuta a farin ƙyalle, yana ratayawa duk Juma'a. Tun daga nan ya daina rama tsiya. In na ce kansa kamar buhun gero, sai ya ce, "To."

Akwai wata ƙungiyar a Hor Al Anz, ta mawaƙa da masu ɗaukar hoto, Hajiya Mahfuza ke jagoranta. Kowace tana bin 'yan kargo neman taimako, wannan a kama mata ɗakin baje koli, waccan a ɗauko mata zare daga Kano. Rannan maigidanmu Alhaji Izzuddeen ya kira shugabannin biyu, Hajiya da bawana, ofis, ni kuma na bi da tiren shayi don gulma.

"Hajiya, Malam, mun gaji," in ji Alhaji. "Ku zo da safe, su zo da rana. Ku haɗe mana. Ƙungiya ɗaya, suna ɗaya, khalas, magana ta ƙare. Mu 'yan kargo goma sha biyu mun yarda: ɗakin baje koli duk wata, kusurwa a kwantena, zanenku a jikin kwalayenmu."

"Sunan fa, Alhaji?" in ji Hajiya.

"Wanda ba na kowa ba. Ku yi haƙuri, ba za mu buga sunan matar wani a kwalinmu ba."

Na dubi bawana. Bango yake kallo. Na taka masa ƙafa.

"Kai, da kai ake."

"Na ji."

A bas na sa shi gaba. "Ko tari ba za ka yi ba? Da ni ne sai na ɗaga ofishin da Alhajin a ciki na wurga teku."

"Masu hula suna buƙatar zare, Sabo."

"Sabo gatsau? Ubangidanka guda?"

"To."

Juma'ar da ta biyo aka taru, aka ɗaga hannu, aka ce Haɗakar Masu Fasaha. Shi ma ya ɗaga. Hajiya Mahfuza ta matso ta rage murya.

"Malam, a ƙyallenmu dai, in kana so a sa sunanta daga ƙasa, ko da ƙanana ne."

"Ba ta son ƙaramin rubutu," ya ce.

Sai aka ce wa zai rubuta sabon ƙyalle. Ɗaki gaba ɗaya ya juyo kansa. Ya durƙusa ya rubuta. Aka yi tafi, mawaƙa suka kusa fasa mana silin. Na leƙa kusurwa huɗun ƙyallen ko ya ɓoye ɗan furen lallenta. Babu.

Washegari ya zo sito da tsohon ƙyallen a ninke. Ya sa shi a ƙaramin kwali ya miƙo min, na ɗaure. Ya buɗe makar rubutunsa ya rubuta MURJANATU, har da wutsiyar. Ya kai hannu layin da ake rubuta gari, ya tsaya. Ya daɗe a haka.

"Kano ko Zariya, bawana?" na ce. "Ko karatun ne ya ƙare?"

Bai ce "To" ba. Ya rufe makar, ya hau tsani ya ajiye kwalin can saman kanta, inda muke tara kayan da ba a zo nema ba.

"Yalla, maza," ya ce, "miƙo na gaba."

Kwalin yana nan har yau. Kwantena ta tashi ta fi sau talatin.