Gwaggo Asabe da Ruwan Famfon Unguwarmu

Ku da kuka san Gwaggo Asabe, yayar mahaifinmu, kun san ba ta taɓa haɗiye ruwa ba sai ta yi masa shari'a. Za ka miƙa mata kofi, ta karɓa da bismilla, ta kurɓa kaɗan, ta lumshe ido tana juya shi a baki, mai gida yana tsaye kamar wanda aka kai gaban alƙali. Sannan hukunci ya fito. "Ruwan daɗi ne, Allah ya yi albarka." Ko kuma, "Kai! Wannan ai dutse kuka narka." Ba ruwanta da ko gidan wa take. A bakin zanenta kuma kullum akwai guntun sabulu a ƙulle, don in harshe ya yi shakka, kumfa ta raba gardama.

Shekara da shekaru tana sayar da shinkafa da wake a cikin gari, da ruwan wata tsohuwar rijiya take girki. Da ƙarfi ya ja baya, sai Baba ya ɗauko ta zuwa sabuwar unguwarmu a bayan Kontagora. Muna taƙama da burtsatsenmu, ga tanki a sama, ga famfo har tsakar gida. Washegari ta ɗora wake tun hantsi. Aka yi azahar, sai muka ji ta ƙwala wa Baba kira.

"Sani! Zo ka ga ikon Allah. Yadda na zuba waken nan, haka yake kallona."

"Yaya, ki ɗan ƙara kanwa mana."

"Ni za ka koya wa kanwa? Na goya ka ina jiƙa ta! Ruwanku ne zartsi. Dubi sabulu, ko kumfar kunya ya ƙi yi."

Daga ranar, ni Bello, malamin makaranta mai mata da 'ya'ya biyu, na zama ɗan ga-ruwa. Duk bayan kwana biyu sai na ɗaure jarka a mashin na tafi rijiyar can. Wata rana lalaci ya kama ni, na faki idonta na cika jarkar a famfo. Ta kurɓa, ta dube ni, ta ce, "Sannu da hanya, Bello." Na ce a raina na sha. Da yamma sai ga kwano ta aiko mini, wake ne tsagwaronsa, kowace ƙwaya kamar tsakuwa. Ta biyo bayan kwanon, ta zauna a gabana.

"Ci mana, ɗana. Ai da ruwan rijiyarka na dafa."

Wallahi sai da na cinye, tana ƙirga lomata da ido.

Ranar da muka je Salka gaishe da iyayen yarinyar da ƙanena Habibu yake nema, tun a mota muke roƙonta. "Gwaggo, don Allah yau dai ki sha kawai." Ta ce to. Ana kawo ruwa sai muka ga hannunta ya nufi bakin zane. Habibu ya sunkuyar da kai. Ta tsiyaya a tafinta, ta murza sabulu, ta murza, shiru. Ta dubi uwar yarinyar.

"Da wannan 'yarki take wanki?"

"Da shi, Hajiya, tun tana ƙarama."

"To, mun karɓa. Wadda ta yi haƙuri da ruwan nan, Habibu ba zai gagare ta ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har da surukin da ya shigo yana cin magani.

Akwai lokacin da farin ɓawo ya ishi kowa a gindin tukwane, kwamitin unguwa ya gayyato wani mai gwajin ruwa. Ya zo da kwalabe, ya tafi, bayan mako guda ya dawo da takarda. Ya ce ruwan yana ɗauke da sinadarin duwatsun da ya ratso ta cikinsu, shi ke hana kumfa, shi ke taurara wake, amma shansa ba ya cutarwa. Gwaggo tana daga ƙofar zaure, ta ɗaga murya.

"Ɗan nan, shekara nawa ka yi a makaranta?"

Ya faɗa mata cikin ladabi.

"Allah sarki. Da ka biyo ta wajena, da kurɓa ɗaya ta hutar da iyayenka."

To, amma abin da ya sa har yau ba a yi mata dariya ita kaɗai, sai a haɗa da godiya, shi ne na wata damina. Da sassafe ta ɗebi ruwan famfo za ta yi alwala, tana kurkure baki sai ta tofar. Ta ce ruwan ya sauya. Muka duba, fari tas. Baba ya ce, "Yaya, ai kullum haka kike cewa."

"Kullum ina cewa mai nauyi ne. Yau cewa na yi ƙazami ne. Ba ɗaya ba ne."

Da ta ga ba mu da niyyar motsi, sai ta ɗauki kujerarta ta tsuguno, ta je ta dasa a gaban famfon bakin layi, inda yawancin unguwa ke ɗiba. Duk wadda ta zo da bokiti sai ta kore ta. Wata maƙwabciyarmu Banufiya, Maman Aisha, ta ce yara za su makara makaranta.

"Gara su makara makaranta da su yi sammakon asibiti. Ki je ki tafasa na jiya."

Tun safe har la'asar tana nan, ruwan sama ya taɓa ta bai tashe ta ba. Don dai a rabu da ita, mai unguwa ya sa aka bi layin bututun ana tonawa. Can wajen kwalbati aka tarar ya fashe, ruwan kwata yana shiga. A gidaje biyu da suka riga ta ɗiba, yara sun kwana uku a asibiti. Saura duk Allah ya tsare. Da mai unguwa ya zo godiya, ba ta ce komai ba sai, "A kawo mini kujerata, na bar ta a can."

Bara ta rasu, bayan gajeruwar jinya. Da aka zo wankanta, mun tashi neman ruwa sai muka ga matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da bokiti a ka. Ba wanda ya aike su. Tun daga tsohuwar rijiyar cikin gari suka ɗebo, a ƙafa. Maman Aisha ta sauke nata tana share hawaye, ta ce, "Ba ma so ta yi mana faɗa."

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Yadda ta tsare mana 'ya'yanmu, Allah ya tsare ta daga dukkan tsoro, ya shayar da ita daga Alkausara. Amin.