Keken Bakin Ƙofa

Takanamat

Ƙarfe biyar da rabi na asuba munka tashi, ni da ƙullin almakashina. Inna ta samo mini gwajin ɗinki a shagon wata Hajiya a Tawa, kuma aikin nan nike so kamar raina. Sai dai ina da lalura: ƙamshi mai ƙarfi sara mini kai yake har in yi amai. Inna ta ja kunnena: "Hadiza, kul ki faɗa, sai a ce iyayi ne."

Jika biyu direba ya karɓa. Ya rataye ɗan turaren mota gaban gilashi, don haka na roƙi baya.

"Wurin awaki?" ya ce.

"Can ɗin. Warinsu bai taɓa kashe ni ba."

Tawa

Jandarmomi sun tsai da mu minti ashirin, munka shiga gari tara saura kwata. Kabu-kabu ya aje ni ƙofar shago. Wayyo Allah! Labule a sake, taga a rufe, hayaƙin turaren wuta kamar an toya gari. Hajiya ta tarbe ni da fara'a, ta sa anka kawo kasko, ta tura ƙarƙashin zanena da hannunta. Haka take girmama baƙo. Wa ya isa ya janye ƙafa?

Anka ba ni keken ɗinki can ƙurya. Kafin azahar ido na ruwa, zare ya zame mini biyu, na ɗinke hannun riga a karkace. Hajiya ta ɗaga ta duba.

"Ɗiyata, haka kike ɗinki?"

Na tuna kashedin Inna, na kuma dubi rigar. "Hajiya, turaren ne. Ba ni gani."

Sai wata mai ɗinki, Zali, da ke bakin ƙofa ta miƙe. "Don Allah mu yi musanya! Shekara biyu ƙarar mai walda na cin kunnena, na kasa faɗi."

Hajiya ta dube ta da mamaki. "Ai ni gata na yi miki, don iska."

A bakin ƙofa na warware hannun, na mai da shi daidai.

Gida

Mun iso bayan magariba, kaina na bugu har yanzu. Inna na tsaye bakin zaure.

"Ba ki dai faɗa ba ko?"

"Na faɗa, Inna. Litinin zan fara."

Alhamdu lillahi. Allah shi saka wa Zali.