Ɗaya-ɗaya Bakwai da Gara Ta Bari

Abubuwa biyu na dogara da su wajen rubuta wannan: littafin lissafina na sakandare a Safana, wanda gara ta ci gefensa na dama, da kuma abin da na iya tunawa. Ban sa kwanan wata a shafin darasin da zan ba da labarinsa ba. Na dai san bayan girbin gero ne, ina kuma kyautata zaton Talata ce, amma ba zan rantse ba.

A ranar, malaminmu na lissafi ya jera ɗaya-ɗaya a kan allo, wato 1 na bin 1 har suka zama doguwar lamba guda, ya ce wannan lamba ba ta rabuwa sai da ɗaya da kuma ita kanta. Hujjarsa ita ce ya gwada biyu da uku da biyar da bakwai, kowacce ta bar saura. Na ɗaga hannu na tambaya ko ya gwada sauran lambobin. Ya sa ni durƙuso a bakin allo har aka tashi, ya kuma laƙaba mini Furofesa. Sunan ya bi ni har cikin kasuwar Batsari.

Na riƙe abin a raina har na gama jami'a, sannan na koma kan shafin. Ɗaya-ɗaya bakwai na ƙirga, wato 1,111,111. Mara ce, ba cika ba, kuma ta kowane ɓangare aka karanto ta ba ta sauyawa. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne tana rabuwa: 239 sau 4,649. Sau uku na sake lissafin da hannu.

Na hau babur zuwa Wagini, inda malamin yake noman wake tun da ya yi ritaya. Da gangan na zaɓi bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zama a ƙofar gidansa, domin ni ma a gaban jama'a ya durƙusar da ni. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gona, sannan na fito da takarda na karanta lissafin da ƙarfi, ban rage komai ba.

Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa.

"Furofesa, lissafinka daidai ne," in ji shi. "Sai dai ni goma sha tara na rubuta."

Dattawan suka yi dariya. Da na koma gida na bincika, na tarar ɗaya-ɗaya goma sha tara ba ta rabuwa da gaske. Kuma daga kan ta bakwai gara ta fara cin shafina. Na auna gurbin da rula: zai ɗauki sha biyu idan na matse rubutu, kuma a lokacin nakan matse. Abokan ajina biyu da na tambaya sun tuna durƙuson, ba su tuna lambar ba.

Ban yafe ba, domin tambayata tana kan hanya ko nawa ya jera. Amma ba zan koma Wagini ba sai na san wannan: bakwai ya rubuta a allon nan, ko goma sha tara?