Ramin da Na Toshe a Gyadi-Gyadi

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ina tuƙa bas daga Unguwa Uku zuwa cikin gari. Ɗaki ɗaya muka kama haya a Gyadi-Gyadi, ni da matata da 'yarmu mai wata tara. A bayan ɗakin akwai tsohuwar katangar ƙasa mai rami can sama, nan wata ƙatuwar mujiya ta tare. Da rana tana zaune kurum, sai dai ta murɗa kai har ƙeya ta bi ka da ido. Da magariba in ta tashi, ko motsin fiffikenta ba ka ji. Kullum da safe akan tarar da curin gashi da ƙasusuwan ɓera da ta amayar a gindin katangar.

Wata Talata zazzaɓi ya kama yarinyar. Washegari da la'asar idonta ya fara kafewa, jikinta yana jijjiga. A ƙauyenmu, in mujiya tana kuka kusa da ɗakin jariri, ita ake tuhuma. Na watsa gishiri a wuta yadda na ga kakata tana yi.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, ta shigo ta taɓa goshin yarinyar.

"Malam, tayar da motarka. Yanzun nan."

"Hajiya, tsuntsuwar nan ce. Bari in gama da ita tukuna."

"Wadda take kama mana ɓeraye? Kai direba ne ko boka?"

Ban saurare ta ba. Na kwaɓa ƙasa, na ari tsani, na tsaya jiran mujiyar ta fita kiwo. Ta daɗe ba ta fita ba. Ina jin kukan matata, ban motsa ba. Da mujiyar ta tashi na hau. A cikin ramin akwai 'ya'ya biyu masu laushin gashi, suna wangale baki. Na gan su sarai, ba zan ce ban gani ba. Na liƙe ramin.

Da na sauko, ɗakin babu kowa. Hajiya ta tare acaɓa biyu sun tafi asibiti da matata da yarinyar, makullin bas ɗin kuwa yana aljihuna.

Zazzaɓin cizon sauro ne, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Likitan ya ce, "Me ya sa sai yanzu?" Matata ta sunkuyar da kai. Ita ya yi ta yi wa faɗa, ni kuma ina tsaye da busasshiyar laka a hannu, na bar shi.

Kwana shida muka yi a asibiti. Da muka dawo aka ce mujiyar ta yi ta sauka kan katangar tana karce wurin, har ta daina zuwa. Ban buɗe ramin ba, na ji tsoron abin da zan gani.

Yarinyar ta rayu, amma kunnenta na hagu bai ƙara ji ba. Ban san ko jinkirina ne sanadi ba, ban kuma taɓa tambayar likita ba. Yanzu 'ya'yanta uku. In zan yi mata magana, nakan zagaya ta damanta. Ta ɗauka haka aka haife ta.