Mai Tafkin Otal

A otal ɗin kowa Mai Tafki yake kiransa. Tun yana da ƙarfinsa aka ba shi kula da tafkin ninkaya, ga shi har furfura ta cinye gemunsa bai taɓa shiga ruwan ba, don bai iya ninkaya ba. Matarsa takan yi masa tsiya, ta ce in baƙo ya nutse sai dai ya tsaya a bakin ruwa ya yi masa addu'a.

Da safe yakan kwashe ganye da doguwar raga, ya goge tayil, sannan ya shiga ɗan ɗakin famfo inda ake ajiye kulorin. Farin gari ne a cikin durom ɗin roba, warinsa na kama maƙogwaro. Shi ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, amma ba ya zaɓen abin da zai ci. Ya cinye ƙofar ƙarfen ɗakin, ya koɗar da rigunan Mai Tafki, ya farfasa masa tafin hannu.

Abin da ya fi gajiyar da shi shi ne ranar da ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Man shafawar baƙi da lakar da ruwan sama ke korowa sukan watsu a ciki, ƙanana ƙwarai, ba su narke ba, ba su kuma kwanta ba, ko rariyar famfo ba ta tare su. Sai ya jiƙa alif ya zuba, ya jira su manne da juna su yi nauyi su sauka ƙasa, washegari ya zuƙe su da tiyo. Kafin mako ya zagayo ruwan ya sake ɓaci. A irin wannan ranar kaɗai manaja ke tunawa da shi.

Wata rana otal ya cika da 'yan taro, manaja yana ta aiko masa ya yi sauri. Cikin gaggawa ya jawo wani bokiti, bai lura masu shara sun bar ragowar asid ɗin wanke tayil a ciki ba, ya zuba kulorin. Nan take wani hayaƙi rawaya mai sirkin kore ya taso, yana bin ƙasa. Idonsa ya cika da hawaye, ƙirjinsa ya ɗauki zafi. Ƙofa tana bayansa, amma tagar ɗakin a buɗe take, baƙi kuma suna zaune daidai ƙarƙashinta. Ya rufe tagar, ya kifa murfi a kan bokitin, ya kai shi can bayan katanga. A can mai gadi ya same shi durƙushe, yana tari kamar zai amayar da hanjinsa.

A asibiti likita ya ce hayaƙin in ya tarar da danshin huhu sai ya zama asid, ya ƙona huhun, kuma ba lallai ne numfashin ya koma daidai ba. Babbar 'yarsa, wadda ke jinyarsa, ta jira likita ya fita.

"Baba, ka huta haka nan," in ji ta.

"In na huta in yi me? Zaman ma gajiya ne."

Da ya ji sauƙi otal ya mayar da shi ɗakin tawul, aka ɗauki wani a tafki. Yanzu yana wuni a kan kujera yana ninke tawul, bayansa na ciwo. Tawul ɗin ma da bilic mai kulorin ake wanke su, in aka shigo da sababbi sai tari ya taso. Hanyar gida da yake yankewa a da ba tare da tsayawa ba, yanzu sai ya jingina da shagon mai walda ya mayar da numfashi. Hancinsa kuma ya mutu, ba ya jin wari. Ran nan tukunya ta ƙone a gefensa, sai da maƙwabciya ta leƙo ta yi magana.

Ya ce wa 'yar ta je ta gaya wa manaja zai ajiye aikin. Duk lokacin da ta ɗauki mayafi za ta tafi, sai ya ce ta dakata tukuna, a bari damina ta wuce.