Wandunan Gola

Shekara goma sha ɗaya ina aikin wanki a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo a kudancin Jidda, kuma sau ɗaya tak na taɓa hawa bene zuwa ofishin mudir, wato manajan ƙungiyar, ba tare da an kira ni ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, matata ma shaida ce, amma fushin ranar nan ban taɓa yin da-na-saninsa ba.

Muna da wani ɗan baya, Bahaushen Nijar, ya doshi shekara talatin da takwas. Yaran ƙungiya Kawu suke ce masa don tsokana, har sunan ya bi shi. Ƙungiya ce kafilinsa, wato ita ta tsaya masa; iƙamarsa, takardar izinin zama, da ta iyalinsa duk a hannunta suke. In aka sallame shi dole ya bar ƙasar, alhali 'yarsa ta fari saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare a unguwar Nuzla.

Da kakar wasa ta ƙare, masu ƙungiya suka yanka wa mudir iyakar albashi, suka ce ba zai ƙetare ta ko da riyal ɗaya ba. Shi kuma yana son sayen sabon ɗan gaba, don haka dole wani ya tafi. Akwai wata 'yar na'ura da 'yan wasa ke ɗaurawa a baya tana auna gudun kowa, ita ta nuna duk ƙungiyar Kawu ne ya fi ƙarancin gudu.

Bayan la'asar Kawu ya shigo ɗakin wanki ya zauna kan kwandon kaya.

"Yaya, halas, sun gama da ni. Wai na'ura ta ce ba na gudu."

"To da gudu aka kawo ka yi? Ai sai su sayi barewa," in ji ni.

Bai yi dariya ba, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na san wani abu da na'urar ba ta sani ba, don ni nake cuɗa gwiwar wandon gola da hannuna kafin in jefa shi a inji. Watan da Kawu ya yi jinyar ƙafa, gola ya kashe min wanduna uku: ciyawa ta rine su kore, gwiwoyi sun ɓarke saboda yawan faɗuwa. Na ajiye su a sito da nufin yin tsumma. Amma tun da Kawu ya dawo, wando ɗaya gola yake sawa har kaka ta ƙare, wani lokaci ma ɗauraya kawai yake buƙata.

Washegari da hantsi na kwashi wandunan huɗu na hau bene. Mudir da koci suna zaune da takardu da kofunan shayi. Na yi sallama, na baje wandunan a tebur. Mudir ya dube ni kamar na kawo masa mushe.

Ni haifaffen Nuzla ne, Larabci ba ya ɗaure min harshe. Na ce, "Ya mudir, waɗannan uku na watan da Kawu ba ya nan ne. Wannan ɗaya na duk sauran watannin ne. Na'urarku ta san wanda ya yi gudu, ni na san wanda ya hana gola faɗuwa."

Mudir ya ce, "Yalla, kwashe tsummokaranka, ya sheikh." Amma koci ya riga ya ɗaga ɗaya yana leƙa ramin gwiwar. Ya sa aka kira gola. Gola ya shigo, ya ga wandunansa, ya fashe da dariya. Ya ce wallahi gaskiya ne, in Kawu na gabansa, tun ƙwallo ba ta taso ba yake tsawa yana jera yara inda za su tsaya, shi sai dai ya yi kallo.

Sun fi awa guda suna gardama, ni ina tsaye a bakin ƙofa na ƙi tafiya. Iyakar albashi ba ta motsa ba, wannan kam ba mai iya mata. Sai dai suka haƙura da ɗan gaban nan mai tsada, suka nemi mai sauƙi, aka ba Kawu shekara ɗaya da ragin albashi. Ya sa hannu ko karantawa bai gama ba.

Na sauko ina taku ɗai-ɗai kamar ni na ci kofi. Masu shara suka tambaye ni me ya faru, na ce su dai su riƙa girmama mai wanki.

Can sai ga Kawu ya shigo ɗakin wanki da waya a kunne. Matarsa ya kira.

"Ki ce wa yarinyar ta je ta yi rajistar ajin ƙarshe," in ji shi. "Muna nan."

Ihun yarinyar har inda nake na ji shi. Na juya na duƙa gaban inji kamar ina duba wani abu, don ban so ya ga idona ba.